Sumo Ba Ya Mutuwa Haka Kawai: Fashin Baƙi Kan Matsalolin Injin Ruwan Gida

Duk mai rijiya ko bohol a gida ya san abin nan, ranar da aka murɗa famfo aka ji iska ce kawai take fita, maganar farko da za ta fito bakin kowa ita ce "ai sumo ne ya ƙone". Sumo dai shi ne injin ruwan da ake zurawa cikin rijiyar. Nan take a kira mai gyara, a tara majiya ƙarfi a yi ta jan fayif har a fito da injin, wani lokacin a gwada shi a waje a ga lafiyarsa ƙalau an sha wahalar banza, wani lokacin kuma a tarar ya ƙone ɗin da gaske, a sayo sabo a zura, bayan 'yan watanni shi ma ya bi sahun na farko. A duka biyun an bar jaki ne ana dukan taiki, domin sau da yawa ba injin ne mai laifin ba, in ma ya mutu to akwai abin da ya kashe shi, kuma abin yana nan yana jiran sabon.

Injin nan fa ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai wutar da take shigo masa, akwai kayan da suke kunna shi da kashe shi irin su kontirol bos (akwatin wutar injin) da kafasita (mai taimaka masa ya tashi) da fulota (mai kashe shi in tanki ya cika) ko makunnin firesha (mai kunna shi in matsin ruwa ya sauka), akwai hanyar da ruwan yake bi tun daga ƙasa har cikin tanki, sannan ga ita kanta rijiyar wadda ita aka fi mantawa da ita. Kowanne a cikinsu zai iya hana ruwa zuwa. Biyun farko galibi a sama suke hannunka zai kai gare su, gyaransu kuma bai taka kara ya karya ba, shi kuwa injin shi ya fi tsada shi ya fi wahalar kaiwa, to me zai sa a fara da shi? Bincike daga sama ake faro shi a gangara.

Kafin komai sai ka san wane irin inji gare ka, don ciwonsu ba ɗaya ba ne. Wanda ake ajiyewa a sama bakin rijiya mutane suna ɗauka jan ruwa yake da ƙarfin tsiya, a gaskiya matsin da ke cikin bututun yake ragewa, sai nauyin iskar sarari da ta danne saman ruwan rijiyar ya turo ruwan sama. Nauyin nan kuma yana da iyaka, ko a bakin teku ba zai iya ɗaga ruwa ya wuce mita 10.3 ba, a aikace kuwa mita 7 zuwa 8 ne ƙarshe, a wuri mai tudu sosai ma ba ya kaiwa haka. Don haka idan ruwan rijiyarka ya ja ƙasa ya wuce nan, ko injin hos goma ka kawo ba abin da zai fito, ba rashin ƙarfi ba ne, haka lissafin yake. Akwai irin mai fayif biyu da yake iya kaiwa zurfi fiye da haka amma wannan wani tsari ne daban. Shi kuwa sumo a cikin ruwan yake zaune yana turo shi sama, shi ya sa zurfi bai cika damunsa ba, sai dai rayuwarsa gaba ɗaya a hannun ruwan take, don ruwan da yake wucewa ta jikin motar injin, wato ɓangaren da wuta take juyawa, shi ne yake sanyaya ta. Wannan maganar ta sanyaya a riƙe ta, za mu sake cin karo da ita.

Maganar tsaro kuma ba ta wasa ba ce tunda ruwa da wuta ne a wuri ɗaya. Kafin ka taɓa kowace waya ka sauke bireka, ka sa tasta ko mita ka tabbatar babu wuta, kar ka yarda da "ai na kashe" daga bakin wani. Kafasita tana iya riƙe caji bayan an ɗauke wuta, tana iya fizgar mutum. In rijiyar haƙa ce mai faɗi, kar wanda ya ce zai shiga ya duba haka kawai, ƙasan rijiya yana iya rasa iskar shaƙa ba wari ba alama, kuma kunna injin fetur a ciki ko a bakinta ya fi komai haɗari saboda hayaƙin yana taruwa a ƙasa, wanda ya shiga ceto ma sau da yawa shi ne na biyu. Duk abin da ya kai ga auna wuta tana kunne, in ba aikinka ba ne ka bar wa mai lantarki.

To mu ɗauka ka kunna ka ji shiru, ba motsi ba ƙara. Wannan shi ne mafi sauƙi galibi. Duba bireka ko fiyus, duba ko wutar ma tana isowa akwatin, duba maɓallin nan na obalod da yake jikin kontirol bos, mai katse wuta in injin ya ja fiye da ƙima, ko ya fito, in ya fito ka bari injin ya huce ka danna sau ɗaya. Sau ɗaya na ce. In ya sake faɗuwa to yana gaya maka wani abu ne, masu ɗaure bireka ko su cire fiyus su sa waya mai kauri don kar ta ƙara faɗuwa, su da kansu suke ƙona injin. Daga nan sai fulota in tankin sama gare ka, tana iya maƙalewa a sama ta ɗauka tanki a cike yake, ko wayarta ta tsinke saboda rana. In makunnin firesha ne, buɗe murfinsa bayan ka kashe wuta, za ka sha mamakin yadda tururuwa da ƙananan ƙwari suke son shiga tsakanin bakin ƙarafunan nan su mutu a wurin su hana wuta wucewa, ko kuma bakin ya yi baƙi ya ƙone saboda tartsatsi. Akwai kuma ɗan siririn bututun da yake kai ruwa ƙarƙashin makunnin, in tsatsa ta toshe shi makunnin ba zai san matsin ya sauka ba balle ya kunna.

In kuwa ka ji yana gurnani amma bai tashi ba, bayan 'yan daƙiƙu bireka ta faɗi, kashe shi da wuri kar ka tsaya sauraro, don a wannan lokacin kwayil ɗin, wato wayar da aka naɗe a cikin motar, gasuwa yake. Abu na farko da ake zargi kafasita ce. Motar da take aiki da layin wuta ɗaya ba ta iya fara juyawa da kanta sai an taimaka mata, aikin kafasitar kenan. In ta kumbura ko ta tsage ko mai yana fita a jikinta ta gama, amma tana iya mutuwa ba tare da ta nuna komai a ido ba, sai an sa mita. In za a canza a sa mai lambar maikurofarad daidai da ta asali, ƙarfin bolt ɗinta kuma kar ya gaza na tsohuwar, ba wai "wannan ma za ta yi" ba. Wasu injinan kafasitar a cikin motar take can ƙasa ko kuma suna da wata dabarar tashi a ciki, irinsu ba ka da akwatin da za ka buɗe a sama, wannan ne ma ya sa ni na fi son mai akwati a waje, abin da ya fi saurin lalacewa yana kusa da hannu.

Abu na biyu shi ne wuta mara ƙarfi, kuma a ganina ita ce ta fi kowa kashe inji a ɓoye. Masu ƙera motocin nan galibi sun yarda da bambancin kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa da abin da aka rubuta a jiki, wato injin da aka rubuta masa bolt 230 yana son tsakanin 207 da 253. In wutar ta sauka ƙasa da haka motar sai ta ƙara jan amfiya, wato yawan wutar da take sha, don ta yi aikin da aka ɗora mata, ƙarin amfiya kuma ƙarin zafi ne. Wani abin da ake yawan kuskurewa, sai a auna wuta injin yana kashe a ga 225 a ce ai lafiya lau, alhali da ya tashi za ta iya rikitowa ƙasa sosai, awon da yake da amfani shi ne wanda aka yi injin yana aiki. Kuma ba kullum ne laifin masu ba da wuta ba, siririn kebul a tafiya mai nisa yana cinye wutar a hanya, ka lissafa daga akwatin wuta zuwa bakin rijiya, ka ƙara zurfin da injin yake, in kebul ɗin bai kai kaurin da teburin kamfanin ya ce ba to kullum injin a yunwace yake. Haɗin waya da ya saki ko ya yi tsatsa shi ma haka.

Masu janareto kuma akwai nasu. Hos ɗaya wat 746 ne a lissafi, amma lokacin tashi motar tana jan ninkin abin da take ja tana tafiya har sau da yawa, shi ya sa ake son janareton ya ninka ƙarfin injin sau biyu zuwa uku. A fara tayar da janareto ya daidaita sannan a kunna injin, in an gama a fara kashe injin sannan janareto. Barin mai ya ƙare janareto ya yi ta shure-shure injin yana haɗe, wannan wutar da take sauka tana hawa ba ƙaramar illa take yi ba. Mai sola kuwa kafin ya ɗaga hankalinsa ya wanke ƙurar fanel ya karanta fitilun kontirola, yawancinsu suna nuna ko ƙarancin wuta ne ko ruwa ne ya ƙare a ƙasa.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa, injin yana aiki kana jin sa amma ruwa babu, ko yana zuwa kaɗan-kaɗan. In na sama ne, kusan kullum ruwan cikinsa ne ya zube, shi kuma ba ya iya tura iska, dole a cika masa ciki da bututun da ruwa kafin ya kama. In kullum sai ka yi masa ɗurin nan kafin ya ja, to fut balb ɗin da ke ƙarshen bututu a ƙasa, mai hana ruwa komawa rijiya, ba ya rufewa da kyau, ko tsakuwa ta maƙale a bakinsa, ko kuma akwai wata 'yar kafa a bututun tsotsa da iska take shiga. Abin haushin kafar nan shi ne ba za ka ga ruwa yana ɗiga ba, tunda iska take shaƙa ciki, sai dai ka kwance haɗe-haɗen ka sake naɗa musu tef ka ɗaure. Kar kuma a bar shi yana gudu a bushe ana jiran ko zai kama, sil ɗin da ke tsakanin mota da gidan ruwa cikin mintuna kaɗan yake ƙonewa, daga nan sai yoyo ya fara ya gangara ya kashe boris ɗin da sandar motar take juyawa a kansa.

In sumo ne, kayan aikin da ya fi gaya maka gaskiya ba tare da ka ciro komai ba shi ne mitar nan mai baki da ake maƙalawa a waya ta nuna amfiya. Ka kwatanta da abin da aka rubuta a takardar injin. In yana ja ƙasa da ƙa'ida sosai, alama ce ba ya ɗauke da kaya, ko ruwa ya ƙare yana juyawa a iska, ko ragar shigar ruwan ta toshe, ko imfela, wato farfelar da take tura ruwan, ta sille, ko sandar da ta haɗa mota da famfon ta karye. In yana ja sama da ƙa'ida to wani abu yana riƙe shi, yashi ko boris da ya ci, ko wutar ce ba ƙarfi. In kuma amfiya daidai take ruwa ne kawai ba ya isowa, ka zargi hanya, fayif ya fashe ko ya zame a cikin rijiyar ruwan yana komawa inda ya fito, in ka kara kunne a bakin kesin, wato babban fayif ɗin da aka zura a bohol ɗin, sau da yawa za ka ji ƙarar zubarsa. Masu layin wuta uku su tuna in aka juya wayoyi bayan wani gyara motar za ta juya baibai, ruwa zai zo amma kaɗan, sauya wayoyi biyu kawai zai gyara shi.

Sai ita rijiyar, nan ne ya kamata a tsaya sosai. Kowace rijiya tana da iya abin da take iya bayarwa a awa, kuma wannan ba ruwansa da girman injin da ka saya. Akwai inda ruwan yake tsayawa in an bar shi ya huta, akwai kuma inda yake sauka in ana ja. In injin yana kwasa fiye da yadda ƙasa take tsattsafowa, ruwan zai yi ta sauka har ya kai bakin injin, sai ya fara haɗiyar iska. Alamarsa ba ta ɓuya, da farko ruwa ya zo da ƙarfi, bayan wasu mintuna ya fara raguwa, ya fara tari yana tofo iska, wani lokacin da laka-laka, in ka kashe ka ba shi awa ɗaya ka dawo sai ya sake zuwa da ƙarfi kamar ba shi ba. Duk injin da yake haka lafiyarsa lau, rijiyar ce ba ta iya biye masa. Gwajin kuma ba ya buƙatar komai sai bokiti da agogo, bokiti mai lita 20 in ya cika a daƙiƙa 30 to lita 40 kenan a minti, wato 2,400 a awa. Ka auna da fara aiki, ka sake aunawa bayan rabin awa, bambancin shi zai gaya maka labarin.

A nan ne nake ganin ana tafka babban kuskure, ruwa ya ragu sai a ce a sayo mai hos biyu a maimakon ɗaya. Babban inji a kan rijiya mai ƙarancin ruwa zai ƙafar da ita ne da wuri, ya jawo yashi saboda ƙarfin fizga, ya yi ta gudu a bushe, to ka tuna ruwan nan shi ne mai sanyaya motar, kuma shi ne man shafawar sassan famfon, imfelar yawancinsu ta roba ce mai tauri, in ta yi zafi narkewa take ta lanƙwashe. Abin da ya fi shi ne a rage bakin get balb ɗin da ke sama har fitar ruwan ta daidaita da abin da rijiyar take bayarwa, a rage fa na ce ba a rufe ba, don injin da yake gudu a kan rufaffen balb ruwan cikinsa tafasa yake. A sa masa na'urar da take kashe shi in ruwa ya ƙare, ko a riƙa ja kaɗan-kaɗan ana ba shi hutu ana tarawa a tanki. In akwai sauran zurfi za a iya ƙara sauke injin, amma ba har ya zauna a ƙasa cikin laka ba, ana barin 'yan mitoci tsakaninsa da gindin, kuma an fi so ya tsaya sama da inda sikirin, wato fayif mai ƙananan kafofi da ruwa yake shigowa rijiyar ta cikinsu, yake don ruwan ya taso daga ƙasa ya shafi motar kafin ya shiga, tunda motar ce a ƙasa bakin shan ruwan yana samanta. In a rijiya mai faɗi aka jefa shi, ko ruwan daga sama yake gangaro masa, sai an sa masa riga ta fayif da za ta tilasta ruwan ya bi ta jikin motar, in ba haka ba yana tsamo-tsamo cikin ruwa zai yi zafi ya ƙone.

Wajen zaɓen inji kuma ba hos ake fara kallo ba, tsayin da zai tura ruwa da yawan ruwan da zai bayar a wannan tsayin ake kallo. Ana lissafawa ne daga inda ruwan yake sauka lokacin ja har zuwa saman tanki, a ƙara asarar da dogon bututu da lanƙwasa suke jawowa. A awon matsin ruwa, kowace mita 10 ta tsayi kusan bar 1 ce, wato PSI 14 da ɗoriya. Kowane inji yana zuwa da jadawalinsa, a nan ake duba ko ya dace.

Gidajen da suke amfani da tankin matsi maimakon tankin sama, ciwonsu da ya fi yawa shi ne injin ya riƙa kunnawa yana kashewa kowane ɗan lokaci, ka buɗe famfo ka ji ƙat, ƙat, ƙat. Wannan yana cin rayuwar mota sosai domin kowane tashi zafi ne, shi ya sa masu ƙerawa suke son in ƙaramin inji ya tashi ya yi aƙalla minti ɗaya kafin ya tsaya. Cikin tankin akwai iska a gefe ɗaya ruwa a gefe ɗaya da roba a tsakani, iskar ita ce take matsuwa ta ajiye ƙarfi, shi ruwa ba ya matsuwa. In iskar ta zurare ko robar ta fashe tankin ya cika da ruwa, kofi ɗaya ka ɗiba matsin zai faɗi injin ya tashi. A saman tankin akwai bakin iska irin na tayar mota, danna tsakiyarsa, in ruwa ya fito robar ta fashe sai canji. In iska ce ta fito, kashe wuta, buɗe famfo har ruwan tankin ya ƙare tas, sannan ka auna da gejin taya. Ƙa'idar ita ce iskar ta zama ƙasa da inda makunnin yake kunnawa da PSI 2, makunni mai 30/50, wato mai kunnawa a 30 ya kashe a 50, iska 28, mai 40/60 iska 38. In ka auna da ruwa a ciki lambar da za ka gani ta banza ce.

In kuma ba wanda ya buɗe famfo, tsakar dare kana jin injin yana tashi da kansa, to ruwa yana gudu ta wani wuri. Rufe balb ɗin da ya shiga cikin gida ka zuba wa geji ido. In allurar ta tsaya cak yoyon a cikin gida yake, kuma tankin masai ne ya fi yin wannan satar. In ta ci gaba da sauka to ta ɓangaren rijiya ne, ko cek balb, mai hana ruwa juyawa baya, ya daina riƙewa ruwa yana komawa ƙasa, ko bututun da aka binne ya fashe, ka duba inda ƙasa take da danshi ko ciyawa ta yi kore ba dalili. Mai tankin sama zai gane matsalar cek balb ne in ya ga duk lokacin da ya kunna sai an jima iska tana fita kafin ruwa ya iso. Injin da ya ƙi tsayawa gaba ɗaya kuwa, ko ya kasa kai matsin da aka saita masa ne saboda yoyo ko sillewar imfela ko ƙarancin ruwa, ko bakin makunnin ya narke ya manne, ko wanne ne a kashe shi da hannu kafin a gano.

Yashi a ruwa kar a raina shi. In ka tari ruwa a farin bokiti ka ga ya kwanta a ƙasa, wannan yashin ta cikin imfela ya biyo yana goge ta a hankali, ruwa zai yi ta raguwa wata bayan wata ba ka lura ba. Sabon bohol yana iya yin haka na ɗan lokaci in ba a wanke shi da kyau ba, amma tsoho in ya fara to ko injin ya yi ƙasa da yawa, ko ana ja fiye da ƙima, ko sikirin ko kesin ya fashe. Tacewa a sama tana kare famfunan gida ne kawai, ba ta kare injin da yake ƙasa ba. Wani lokacin sai an kawo kwamfiresa an yi fulashin an ɗaga injin sama kaɗan. Ruwa mai ja da yake ɓata tayil ƙarfe ne a cikinsa, in har da yauƙi mai launin tsatsa a cikin tanki akwai ƙwayoyin da suke rayuwa a kan ƙarfen, suna toshe raga da bututu. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai kuwa iskar salfa ce.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa, abin da ya fi amfani a ciki kuma shi aka fi rainawa, wato rubutu. Ranar da aka sa injin a rubuta zurfin rijiyar, zurfin da aka rataye shi, inda ruwa yake tsayawa, sunan injin da lambarsa, amfiyar da yake ja, da daƙiƙun da yake cika bokiti, a liƙa a cikin murfin akwatin wuta. Bayan 'yan watanni a sake gwajin bokitin da na amfiya. In ba ka san yadda yake lokacin da yake lafiya ba, ta yaya za ka gane ya fara ciwo? Ban da wannan, a riƙa buɗe akwatin ana ƙara ɗaure wayoyi ana kakkaɓe ƙwari, a tabbatar akwai wayar ƙasa mai kyau da abin kare tsawa, don kesin da injin da suke cikin ruwa hanya ce mai sauƙi ga tsawa, a duba iskar tankin matsi ko sau ɗaya ne a shekara, injin sama kuma a yi masa rumfa da iska take shiga, ba a lulluɓe shi da leda ba.

Bakin rijiyar ya zama ya ɗago sama da ƙasa da murfi mai rufewa, da daɓen siminti da yake gangarar da ruwan sama nesa da shi. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce rijiya ta yi nisan mita 30 da ramin masai. Ruwa ya yi fari tas ba ya nufin yana da tsabta, a kai shi gwaji sau ɗaya a shekara da kuma bayan ambaliya, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kar a samu ƙwayar E. coli, mai nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kuma kar ya wuce miligiram 50 a lita. Shi naitiret tafasawa ba ta cire shi, ƙara tattara shi ma take yi, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Duk lokacin da aka ciro inji aka shimfiɗa fayif a ƙasa aka mayar, a zuba wa rijiyar kulorin mara ƙamshi gwargwadon yawan ruwan cikinta, a zagaya da shi har a ji warinsa a famfuna, a bar shi awa 12 zuwa 24, sannan a zubar har warin ya tafi kafin a sha.

In duk an bi waɗannan ba a ga komai ba, akwai gwaji ɗaya da ya rage kafin a taɓa igiya. Mai lantarki ya cire wayoyin da suka gangara ƙasa ya auna kwayil ɗin ta nan sama, ya kuma sa mega, mitar gwada lafiyar rufin waya, ya auna tsakanin waya da ƙasa. Injin da yake cikin rijiya in ya nuna ƙasa da rabin megohom to rufin wayar ya lalace a wani wuri, lokacin ne ciro shi ya zama dole. Ko a nan ma ba lallai motar ba ce, sau da yawa haɗin kebul ɗin da ke cikin ruwa ne aka naɗe da baƙin tef kawai ruwa ya shiga, ko kebul ɗin ya yi ta gogar kesin duk lokacin da injin ya tashi ya murɗa har ya fige. A yanke haɗin a gwada motar ita kaɗai. In za a mayar a yi haɗin da kayan da aka yi don cikin ruwa, a ɗaure kebul a jikin fayif kowane mita biyu zuwa uku, a sa igiyar tsaro da ba ta ruɓewa, kar kuma a taɓa jan injin da kebul ɗinsa.

In kuwa motar ce ta tafi, kar a jefar da tsohon a gefe a ruga kasuwa, a ce wa mai gyara ya buɗe shi a gabanka. Imfela da ta narke ko ta lanƙwashe gudu a bushe ne, sai a nemi na'urar kashewa ko a rage ja. Wadda ta sille da zane-zane a jiki yashi ne, sai a duba zurfi da sikirin. Kwayil da ya yi baƙi gaba ɗaya zafi ne na dogon lokaci, a koma kan wuta da kaurin kebul da yawan tashi da tsayawa. In a wuri ɗaya ya fashe sauran yana da kyau, an fi zargin tsawa ko wuta da ta zo da ƙarfi lokaci ɗaya, a nan sai a duba wayar ƙasa a sa abin kariya a akwatin kafin a zura sabon.